Darasi: Antibodi da Furotin Mai Ɗaukar Maiƙo a Cikin Hanji

Mai da ruwa ba sa haɗuwa. Amma jikin mutum fiye da rabinsa ruwa ne, kuma kullum muna zuba masa man gyada, manja, man shanu da kitsen nama, yana karɓa yana amfani da su. Ta wace hanya maiƙo ke ratsa ƙwayoyin hanji, waɗanda cikinsu ruwa ne, har ya kai ga sauran jiki? Wani ɓangare na amsar yana wurin wani ɗan ƙaramin furotin da masana ke kira I-FABP. A wannan darasi za mu san furotin ɗin, sannan mu daɗe a kan kayan aikin da ake gano shi da shi, wato antibodi. Kusan duk abin da ake faɗa game da inda furotin ɗin yake da kuma yawansa, daga bakin antibodi aka ji shi. Don haka wajibi ne mu san yadda ake tabbatar da cewa abin da ya nuna gaskiya ne.

Inda maiƙo ke ratsawa

Wanda ya taɓa wanke kayan ciki ranar layya, idan ya juya ƙaramin hanji ya shafa cikinsa, zai ji wani laushi mai santsi da babu irinsa a bayan hanjin. Laushin nan ya samo asali ne daga miliyoyin ƙananan tsiro masu siffar yatsu da suka rufe bangon hanji, kowannensu tsawonsa kimanin milimita 1 ne. Za mu riƙa kiran su 'yan yatsun hanji. Su ne suka faɗaɗa wurin tsotsar abinci, har faɗin cikin ƙaramin hanjin babban mutum ya kai kimanin murabba'in mita 30.

Kowane ɗan yatsa a lulluɓe yake da layi ɗaya tak na ƙwayoyin halitta. Ana haifar ƙwayoyin nan a cikin wasu 'yan ramuka da ke gindin yatsun, sai su riƙa hawa sama a hankali suna balaga, idan sun kai ƙololuwa su saki su faɗa cikin hanji. Daga haihuwa zuwa faɗuwa kwana 3 zuwa 5 ne kawai. Ku riƙe wannan, domin zai yi mana amfani a gaba: ƙwayar da ke cikin rami jaririya ce, wadda ke kusa da ƙololuwa ita ce balagaggiya mai aikin tsotsa.

Idan abinci mai maiƙo ya iso ƙaramin hanji, ruwan matsarmama yakan farfasa man ya zama ƙananan ɗigo, sannan wani enzayim da ke fitowa daga fankiriyas ya yayyanka shi. Cikin abin da yankan ke samarwa akwai asid ɗin maiƙo, wanda shi ne ke shiga cikin ƙwayar hanji. A nan matsala take. Asid ɗin maiƙo mai dogon jiki ba ya narkewa sosai a ruwa, kuma idan ya taru da yawa a sake yakan lalata fatar ƙwaya, wadda ita ma da maiƙo aka gina ta. Ba abin mamaki ba ne, tunda sabulun wanka ma daga asid ɗin maiƙo ake yin sa. Ke nan dole a sami abin da zai riƙe shi daga lokacin da ya shigo har ya isa sashen ƙwayar da ake sake harhaɗa shi a naɗe shi, a tura shi cikin jiki.

A shekarar 1972 Robert Ockner da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka ba da rahoton wani ƙaramin furotin da suka samu a ruwan cikin ƙwayoyin hanjin ɓera, wanda ke kama asid ɗin maiƙo ya riƙe. Sun ga irinsa a hanta da tsokar zuciya da wasu sassa. Daga baya aka gane ba furotin ɗaya ba ne, dangi ne guda, kuma a jikin mutum sun kai aƙalla tara. Akwai na hanta, L-FABP. Akwai na zuciya, H-FABP. Akwai na ƙwayoyin kitse. Akwai kuma namu na hanji, I-FABP, wanda ƙwayar gadonsa mai suna FABP2 ke zaune a kan kuromozom na 4.

I-FABP sarƙa ce ta amino asid 131, nauyinsa kimanin kilodalton 15. A ƙarshen shekarun 1980 James Sacchettini da Jeffrey Gordon da Leonard Banaszak suka fitar da siffarsa: zirare goma ne suka lanƙwashe suka yi rami a tsakiya, da wasu guntaye biyu masu murɗe da suka rufe bakin ramin. Asid ɗin maiƙo guda ɗaya ne ke shiga ya kwanta a ciki, bayan furotin kuwa yana jituwa da ruwa. Na hanta ya fi shi faɗin rami, yana ɗaukar biyu. Wani abin lura shi ne, ƙwayar ƙaramin hanji ba I-FABP kaɗai take yi ba, tana yin na hanta ma da yawa, a ƙarshen ƙaramin hanji kuma akwai na uku mai ɗaukar asid ɗin ruwan matsarmama. 'Yan'uwa ne masu kusan girma ɗaya da siffa ɗaya, a gida ɗaya. Nan ne wahalar mai bincike ta faro.

Mene ne antibodi?

Madubin ɗakin gwaji na yau da kullum yana nuna ƙwayar halitta, amma ba ya nuna furotin guda. Furotin ya yi ƙanƙanta ƙwarai, ba shi da launi, kuma dubban ire-irensa ne cakuɗe a cikin ƙwaya ɗaya. Sai an sami wani abu da zai shiga cikin wannan taro ya laƙe wa wanda ake nema shi kaɗai.

Jikin dabba ya daɗe yana yin wannan aiki. Idan baƙon abu ya shiga jini, wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin B sukan ƙera furotin na musamman da ke manne wa baƙon. Wannan furotin shi ne antibodi. Siffarsa irin ta harafin Y ce, an gina shi da sarƙoƙi huɗu, biyu manya biyu ƙanana, kuma wanda aka fi amfani da shi a ɗakin gwaji ya ninka I-FABP nauyi kusan sau goma. Kan hannayen Y ɗin biyu su ne ke kamu. Ƙafar kuwa kusan iri ɗaya ce a duk antibodin dabba guda na aji ɗaya, wanda hakan ya ba da damar a rataya mata launi ko a sa wani antibodin ya kama ta.

Tun 1890 Emil von Behring da Kitasato Shibasaburo suka nuna a Balin cewa ruwan jinin dabbar da aka saba mata da gubar wata cuta yana iya kare wata dabbar. Kuma ba sai mun je nesa ba. Maganin dafin kububuwa da ake yi wa manoma allura a Kaltungo ta jihar Gombe antibodi ne da aka tace daga jinin tumaki ko dawakin da aka riƙa yi wa allurar dafi kaɗan-kaɗan. Ɗan katin gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake ɗiga wa jini a asibitin unguwa shi ma antibodi ne aka shafa a kan takardar da ke cikinsa.

Antibodi ba ya ganin furotin gaba ɗayansa. Wani ɗan gurbi yake ganewa a jikinsa, wanda sau da yawa bai wuce amino asid 5 zuwa 15 ba. Kamar mutumin da ya san baƙo ne ta tsagar fuska kawai: idan aka aike shi gidan da duk 'ya'yan ke da tsaga iri ɗaya, zai iya kamo wa a maimakon ƙane, kuma ya rantse shi aka aike shi ya kawo. Dangin FABP sun yi tarayya a jerin amino asid ɗinsu daga kashi 20 zuwa kashi 70 cikin 100. Idan gurbin da antibodi ya sani yana cikin wurin da suka yi tarayya, to, zai kama ɗan'uwa.

Yadda ake samun antibodin I-FABP

Hanya ta farko ita ce ta zomo, wani lokaci akuya. Yau ba a cika wahalar tatso furotin daga hanji ba. Ana saka ƙwayar gadon FABP2 cikin bakteriya mai suna E. coli, ita kuma ta yi ta ƙera furotin, a tace shi. Kafin allurar farko akan ɗebi jinin zomon a ajiye, domin a san abin da ke cikinsa tun asali. Sai a yi masa allurar furotin tare da wani sinadari mai zaburar da garkuwar jiki, a maimaita bayan 'yan makonni, har wata biyu zuwa uku. Daga nan a ɗebi jini a ware ruwansa. Abin da ke ciki gauraye ne na antibodi iri-iri, kowanne da gurbin da yake kamawa, shi ya sa ake kiran sa folikulonal, wato daga zuriyar ƙwayoyi da yawa. Yana da ƙarfin kamu, amma yiwuwar a sami mai kama ɗan'uwa a cikin gaurayen tana da yawa. Kuma idan jinin wannan zomo ya ƙare, na wani zomon ba zai zo daidai da shi ba.

Hanya ta biyu Georges Köhler da César Milstein ne suka buɗe ta a Kambirij ta Ingila a 1975, aikin da ya ba su lambar Nobel a 1984 tare da Niels Jerne. Sun ɗauko ƙwayoyin B daga saifar ɓeran da aka yi wa allura, suka haɗe su da ƙwayoyin wata sankara da ba sa daina hayayyafa. Ƙwayar da aka samu ta gaji abu biyu: tana ƙera antibodi, kuma ba ta mutuwa a kwalba. Idan aka ware guda ɗaya aka rene ta, duk zuriyarta antibodi iri ɗaya za su yi, mai kama gurbi ɗaya. Wannan shi ne monokulonal. A 'yan shekarun nan an ƙara gaba: ana karanta ƙwayar gadon antibodin kansa a ajiye, a riƙa ƙera shi duk lokacin da ake so ba tare da komawa ga dabba ba.

Hanyoyi uku na aiki da shi

Ta farko tana amsa tambayar "ina yake?" Albert Coons ne ya fara ta a Harvard a 1941, lokacin da ya rataya wa antibodi wani sinadari mai ƙyalli ya ga inda ya sauka a cikin nama. Bari mu bi ma'aikaciyar ɗakin gwaji mu ga yadda ake yi yau. An kawo mata ɗan guntun hanji da likita ya ciro, an jiƙa shi a fomalin don kada ya ruɓe, an daskarar da shi cikin kakin farafin. Takan ɗora shi a injin yanka ta fitar da yanki mai kaurin maikuromita 4 ko 5, siriri har numfashi na iya ɗauke shi, ta shimfiɗa shi a kan ruwan ɗumi ya miƙe, ta kwaso shi da gilashi. Ta narke kakin ta wanke. Fomalin yakan ɗaure furotin har ya ɓoye gurbin da antibodi ke nema, don haka takan dafa gilashin a ruwan sitiret na wasu mintuna don gurbin ya sake bayyana. Sai ta ɗiga ruwan haidurojin feroksaid, sannan wani ruwa mai furotin da zai toshe wuraren da antibodi zai iya maƙalewa haka kawai. Bayan duk wannan ne take ɗiga antibodin I-FABP, ta sa a firiji ya kwana. Da safe ta wanke, ta ɗiga antibodi na biyu, wanda aka samu daga akuya kuma aikinsa kama ƙafar antibodin zomo, yana ɗauke da enzayim. Ta ƙara wani sinadari da ake kira DAB, wanda enzayim ɗin ke mayarwa ruwan ƙasa. A ƙarshe ta rina sauran naman da shuɗi mai haske.

A ƙarƙashin madubi, idan aiki ya yi kyau, za a ga ƙwayoyin da ke jere a jikin 'yan yatsun sun yi ruwan ƙasa, launin ya fi ƙarfi daga tsakiya zuwa sama, ramukan gindi kuwa sun kasance shuɗi fayau. Tsakanin ƙwayoyin masu launi akwai wasu masu kumburarren ciki da ke yin majinar hanji, cikinsu fari. Hoton nan shi ne hujjar cewa sai ƙwaya ta fara balaga take yin I-FABP. Da irin wannan aiki aka san cewa ya fi yawa a ƙaramin hanji, kaɗan ne ƙwarai a babban hanji.

Ta biyu tana amsa "nawa ne girmansa?" Harry Towbin da abokansa suka bayyana ta a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1979, kuma an fi sanin ta da suna Western blot. Ana niƙa nama, a zuba ruwansa a saman wani farantin jeli, a kunna lantarki. Ƙananan furotin su yi gaba, manya su tsaya a baya. Sai a kwafe su zuwa kan wata takarda ta musamman, a zuba antibodi. Inda ya kama, layi zai fito. Layin I-FABP yakan fito wajen kilodalton 15.

Ta uku tana amsa "nawa ne yawansa?" Sunanta ELISA, daga aikin Eva Engvall da Peter Perlmann a Stockholm a 1971. Ana amfani da farantin roba mai ƙananan ramuka 96, an shafe gindin kowanne da antibodi. A zuba ruwan jini ko fitsari, antibodin ya kama I-FABP, a wanke saura. A zuba wani antibodin da ke kama wani gurbi dabam a jikin furotin ɗin, ya zama an sa shi a tsakiya. Ruwan ramin yakan yi shuɗi, idan aka ɗiga asid ya koma rawaya, na'ura ta auna ƙarfin launin. A faranti ɗaya akan jera ramukan da aka zuba wa furotin da aka san yawansa, da su ake gwada na majiyyaci. Da yake sai antibodi biyu sun yarda kafin launi ya fito, wannan hanya ta fi wuyar ruɗuwa da ɗan'uwa.

Abin da ya kawo likitoci cikin maganar

A mai lafiya I-FABP kaɗan ne ƙwarai a jini, domin a cikin ƙwaya yake zaune. Idan ƙwayar ta fashe sai ya zube ya shiga jini. Ga shi kuma ya fi yawa a saman 'yan yatsun, wurin da ya fi kowane saurin jigata idan jini ya ragu a hanji. Da yake ƙarami ne, ƙoda takan tace shi da sauri ya fita a fitsari. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne rabinsa yakan bar jini cikin kimanin minti 11. Ma'ana, idan aka gan shi da yawa, ɓarnar yanzu take faruwa, ba ta makon jiya ba ce.

A 1996 wasu likitocin Japan ƙarƙashin Tatsuo Kanda suka nuna cewa yana hawa a jinin mutanen da jijiyar jinin hanjinsu ta toshe. Masu bincike a Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan sun yi wani aiki mai kyau a 2008. A lokacin wata babbar tiyata da dama za a yanke wani guntun ƙaramin hanji a jefar, sai suka datse masa jini na minti 30, suka sake shi, suna ɗibar jini da nama. I-FABP ya hau a jinin da ke fitowa daga guntun, rini kuma ya nuna ƙwayoyin ƙololuwa sun lalace sun zube. Cikin sa'a ɗaya zuwa biyu sauran ƙwayoyin suka matso suka rufe gurbin.

Daga nan aka auna shi a cututtuka da dama: ruɓewar hanji da ke kama jarirai bakwaini, hanjin da ya murɗe ko ya shaƙe, cutar siliyak da alkama ke tayarwa, da masu ɗauke da cutar HIV. Wanda ya fi taɓa mu shi ne binciken da ake yi a ƙasashen Afirka da Asiya a kan yaran da ke girma inda ruwan sha da bayan gida ba su da tsafta. Hanjin irin waɗannan yara yakan kasance cikin kumburi a kai a kai, 'yan yatsun su gajarce, yaron ya ci abinci amma jiki bai amfana ba, ko da kuwa ba ya gudawa. Ana zargin wannan yana cikin dalilan tsumburewa. Ba za a iya yanko hanjin kowane yaro a duba ba, shi ya sa masu bincike ke neman alama a jini, kuma I-FABP na cikin waɗanda suke aunawa.

Duk da haka gwajin bai zama na yau da kullum a asibitoci ba. Kayan ELISA na kamfanoni dabam-dabam sukan ba da lamba dabam a kan jini ɗaya, domin antibodinsu ba ɗaya ba ne, don haka ba a daidaita a kan iyaka guda da za a ce daga nan cuta ta fara ba. Mai ciwon ƙoda yana iya nuna lamba mai yawa alhali hanjinsa lafiya lau, tunda matatar ce ta gaza. Motsa jiki mai tsanani cikin zafi ma yana ɗaga shi na ɗan lokaci. Idan kuma ƙwayoyin sun riga sun mutu sun ƙare, lambar na iya sauka a lokacin da majiyyaci ya fi shiga haɗari.

Yadda ake tuhumar antibodi

Kun san katin gwajin zazzaɓi yana da layi biyu. Idan layin da ke wajen harafin C bai fito ba, ma'aikacin lafiya na ƙwarai yakan jefar da katin ya ɗauko wani, komai abin da ɗaya layin ya nuna. Wannan ƙa'ida ita ce ginshiƙin duk aikin antibodi, kuma abin takaici ne yadda ake yawan tsallake ta hatta a manyan ɗakunan gwaji. A 2023 wata ƙungiyar masu bincike a Montreal ta Kanada mai suna YCharOS ta gwada antibodi 614 da ake sayarwa, na furotin 65, ta tarar fiye da rabinsu sun gaza a aƙalla ɗaya daga cikin ayyukan da aka gwada su. Ba na I-FABP suka gwada ba, amma darasin ya shafe shi. Rubutun da ke jikin kwalba da'awa ce, sai an nemi hujja.

Ga I-FABP akwai tarko na musamman. A wasu furotin, fitowar layi a daidai girman da ake tsammani yakan kwantar da hankali. A nan ba ya wadatarwa, domin dangin duka tsakanin kilodalton 14 da 15 suke, kuma na hanta yana zaune a cikin ƙwayar hanjin da ake dubawa. Mai hankali yakan jera ruwan hanta kusa da na hanji a kan jeli ɗaya. Hanta cike take da L-FABP amma ba wurin I-FABP ba ce. Idan layi mai ƙarfi ya fito a hanta, antibodin ya kamo ɗan'uwa.

Hujja mafi ƙarfi ita ce naman dabbar da aka cire wa ƙwayar gadon furotin ɗin gaba ɗaya. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada suka ba da rahoton ɓerayen da ba su da I-FABP. Idan aka ɗiga antibodi a hanjin irin wannan ɓera aka ga launi, babu sauran gardama, antibodin wani abu yake kamawa. Ɓerayen nan sun koyar da wani abu kuma: sun rayu, kuma sun ci gaba da tsotsar maiƙo. Ashe furotin ɗin ba shi kaɗai ke riƙe da aikin ba. Ganin furotin a wurin da ake tsotsar maiƙo bai isa ya nuna cewa in babu shi aiki zai tsaya ba.

Akwai wasu matakan masu sauƙi da ba sa cin kuɗi. A ware gilashi ɗaya a bi duk matakai da shi amma a ƙi ɗiga antibodi na farko. Idan ya yi launi, laifin na antibodi na biyu ne ko na naman kansa. Jajayen ƙwayoyin jini, alal misali, suna iya mayar da DAB ruwan ƙasa da kansu, wannan ne dalilin ɗiga haidurojin feroksaid tun farko. A gwada jinin zomon da aka ajiye kafin allura. A duba ko antibodin na furotin mutum ne ko na ɓera, domin sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. A kuma tuna cewa wanda ya yi aiki a Western blot, inda furotin ke warware, ba lallai ya yi a ELISA ba, inda furotin ke naɗe yadda yake a jiki.

Akwai tambayar da antibodi ba zai amsa ba. A 1995 Leslie Baier da abokan aikinta suka gano a cikin al'ummar Pima ta jihar Arizona cewa wasu mutane suna da I-FABP da amino asid na 54 ya sauya daga alanin zuwa tireyonin. Wannan nau'i ya fi riƙe maiƙo kusan ninki biyu, kuma sun danganta shi da rashin jin insulin, wanda ke share fagen ciwon suga. Binciken da ya biyo baya a wasu al'ummomi bai zo da sakamako iri ɗaya ba. Antibodin da ake aiki da su yau da kullum ba a yi su don bambance nau'o'in biyu ba. Mai son sanin wanda mutum ya gada sai ya duba DNA.

Batu na ƙarshe ya shafi ɗakunan gwajinmu kai tsaye. Antibodi furotin ne, zafi yana lalata shi, haka ma daskarewa da narkewa a kai a kai. Kwalbar da ta yi doguwar tafiya ta kwana a tashar jirgi, ko ta zauna a firizar da wuta ke ɗaukewa tana dawowa, tana iya isa hannun mai bincike a mace alhali kamanninta bai sauya ba. Sai gilashi ya fito babu launi, a ce furotin ba ya nan. Maganin wannan shi ne a rarraba antibodin cikin ƙananan kwalabe tun ranar da ya iso, a riƙa narkar da ɗaya-ɗaya, kuma duk ranar aiki a haɗa da yankin ƙaramin hanji mai lafiya wanda aka san dole ya yi launi.

Aikin aji

Ku kasu gida-gida ku tattauna waɗannan, kowane rukuni ya kawo hujjarsa.

1. A ce wani ɗalibi ya yi Western blot da sabon antibodin I-FABP. Layi ya fito wajen kilodalton 15 a ruwan ƙaramin hanji, ya kuma fito da ƙarfi a ruwan hanta. Ɗalibin ya rubuta cewa ya gano I-FABP a hanta. Wace fassara ce ta fi kusa da gaskiya, kuma wane gwaji zai raba gardamar?

2. A ce an rina yankin hanjin wani majiyyaci, babu launi ko kaɗan. Kawo dalilai biyu da suka shafi majiyyacin, da biyu da suka shafi ɗakin gwajin. Wane gilashi ne da an haɗa da shi da an san inda matsalar take?

3. Dattijo mai ciwon ƙoda da yarinya mai lafiyayyar ƙoda sun nuna lambar I-FABP iri ɗaya, mai yawa, a jini. Shin za a ce ɓarnar hanjinsu ɗaya ce? Ku yi bayani.